Darasin jinjiran fok: kada bunsuru ɗaya ya daɗe a garke

Akwai wata dabbar teku da ake kira fok da Faransanci. Jikinta ya ɗan yi kama da na ayun da masunta suka sani a kogin Isa, amma ita kifi take ci, kuma da yawansu a bakin gaɓa suke haihuwa. Ba mu da ita a Nijar. Duk da haka na ga ya dace in kawo labarinta, don abin da masana suka gano game da jinjiranta ya shafi garkenmu kai tsaye.

A tsibirin Sable na ƙasar Kanada, masu bincike sun auna jinjiran fok, sun kuma duba ƙwayoyin gadonsu. Sakamakon da suka fitar a 1998 ya nuna cewa jinjirin da gadon uwarsa da na ubansa suka yi nisa da juna ya fi nauyi a ranar haihuwa, ya kuma fi samun damar rayuwa har yaye. A gaɓar tekun Holand ma, wani bincike na 2008 ya nuna cewa ƙananan fok masu ƙarancin bambancin gado sun fi fama da tsutsar huhu.

Dalilin a fili yake. Kowace dabba tana ɗauke da gado kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan kashin uwa yana da tawaya a wani wuri, sau da yawa na uba yakan rufe ta. Amma idan uwa da uba jini ɗaya ne, mai yiwuwa dukansu tawaya iri ɗaya suka gado daga kaka ɗaya, sai ɗan ya rasa abin da zai rufa masa. Idan uba ya barbari ƴarsa, a wuri ɗaya cikin kowane huɗu ɗan zai ɗauki kwafi biyu na gado guda.

Kada wani ya ce wannan zancen dabbar ruwa ne kawai. A tsibirin Hirta na Sikotland akwai tumakin Soay da ke rayuwa ba makiyayi. Binciken 1999 ya nuna cewa waɗanda iyayensu ke da kusancin jini sun fi ɗaukar tsutsar ciki, kuma su ne suka fi mutuwa idan hunturu ya yi tsanani. Mu ba mu da hunturu irin nasu, amma muna da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, ruwa ya yi nisa. A nan ne raunin da ke ɓoye yake fitowa.

Ra'ayina shi ne, yawancinmu muna ƙirga kawuna, ba ma ƙirga jini. Ku dubi babban fok mai hanci kamar na giwa, na gaɓar Meziko da Kaliforniya. An farauce shi saboda kitsensa har a ƙarshen ƙarni na 19 waɗanda suka rage ba su kai 100 ba, a tsibirin Gwadalup. Meziko ta hana kashe su a 1922, yau sun haura dubu 200. Amma da aka duba jininsu a 1974, a wurare 24 da aka gwada ba a samu bambanci ko ɗaya ba. Yawa ya dawo, bambancin bai dawo ba. Haka garke yake bayan fari irin na 1973 ko 1984: awaki biyar da bunsuru ɗaya za su iya zama hamsin, amma duk hamsin ɗin ƴan gida ɗaya ne.

Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ƴarta kuma kan isa barbara kafin ta cika shekara ko jim kaɗan bayan haka. Ke nan bunsurun da ya shekara biyu a gida ya riga ya fara hawan ƴaƴansa. Wannan ya fi faruwa a garken da ke zaune a gari, musamman awakin da mata ke kiwo a gida, fiye da na masu tafiya mashekari, inda bisashe ke haɗuwa da wasu a rijiya da hanya.

Na san abin da za a ce. Na farko: "Bunsuruna mai kyau ne, ba na son iri ya lalace." Ba cewa nake a kawo irin Turai ba. Jar akuyar Maraɗi, saniyar Azawak, balami da uda sun saba da ƙasarmu, su ya kamata mu riƙe. A nemo namiji na iri ɗaya, amma daga wani garke mai nisa. Na biyu: "Baƙon namiji na iya kawo ciwo." Wannan gaskiya ne. Don haka a ware shi na ƴan makonni, a kira likitan bisashe ya duba shi, a tabbata an yi masa rigakafi, kuma a guji garken da ake yawan ɓari a cikinsa.

Aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Kowace ƙungiyar makiyaya ta buɗe littafi ta rubuta wane namiji ke wane garke, da ranar da ya shigo. A riƙa musayar bunsuru da rago tsakanin ƙauyuka kafin ƴaƴansu mata su isa barbara, bijimi kuma kafin karsanansa su girma. Ƙananan mazan da ba a zaɓa ba a dandaƙe su ko a kai su kasuwa da wuri. Al'adar habbanaye ta nuna mana cewa aron dabba ba sabon abu ba ne a wurinmu. Sai mu faɗaɗa ta ta haɗa da maza.

Musayar namiji ba ta maye gurbin abinci, magani da rigakafi ba. Amma ita ce kariyar da kusan ba ta cin ko dala. A taronku na gaba, ku tambayi juna: bunsurun wa ya fi daɗewa a gida, kuma da wa za a musanya shi?