Lafiya Uwar Jiki: Mai Ciwon Dajin Mafitsara Na Bukatar Abokin Shawara

A cikin cututtukan da kan kai magidanta asibiti a makare, da wuya a sami wadda kunya ta yi wa katanga kamar ciwon dajin mafitsara. Mutum ya iya zama a majalisa ya gaya wa abokansa cewa hawan jini ya kama shi, ko kuwa ciwon sukari, har a shiga musayar sunayen magunguna da na likitoci. Amma dattijo mai 'ya'ya da jikoki ya buɗi baki ya ce fitsarinsa ya koma ja kamar ruwan zoɓo, wannan kam sai tura ta kai bango. Galibi sai ya yi shiru, ya aiki yaro kemis, ko ya sayi jiƙo wurin mai tallar magani a tasha. Jinin kuwa yana da wata muguwar ɗabi'a, watau yakan zo ba tare da zafi ba, ya kwana biyu ya ɗauke don kansa, sai mutum ya zaci jiƙon ne ya yi aiki. Bayan wata uku ko shida ya komo, a sake jiƙo. Kafin a tsai da shawarar zuwa babban asibiti, ciwon ya riga ya ci bangon mafitsara.

Cutar dai ba baƙuwa ba ce a duniya. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane fiye da 600,000 suka kamu da ita, fiye da 200,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinta. Maza sun ninka mata wajen sau uku zuwa huɗu. A ƙasashen Turai da Amurka shan taba ne babban sanadi, don kuwa kusan rabin masu cutar a can hayaƙin taba ne ya ja musu. Dalili shi ne, dafin da huhu ya zuƙa yakan bi jini ya isa ƙoda, ƙoda ta tace shi ta zuba a mafitsara, ya kwanta a nan sa'o'i yana cin bangonta. Bayan taba sai sinadarin masana'antu. Tun a 1895 wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Rehn ya lura cewa ma'aikatan masana'antar haɗa sinadarin rini suna yawan samun ƙari a mafitsara. Saboda haka wanda ya yi shekaru yana aiki da irin wannan sinadari a masaƙa, ko majema, ko kamfanin roba da fenti, ya kamata ya san da wannan magana.

To, amma a ƙasar nan akwai wani sanadi wanda ya fi kusa da talaka, shi ne tsargiya. Ba wanda ya tashi a garin da ke bakin gulbi ko tafki da bai san ta ba. Har ma a wasu ƙauyuka akan ɗauki fitsarin jini ga yaro a matsayin alamar balaga, ana yi masa dariya ana cewa ya zama namiji. Alhali kuwa tsutsa ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, su hayayyafa a can, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko mai wanka ne, ko mai su, ko mai dashen shinkafa. Daga nan sai su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen su fita da fitsari, wasu su maƙale a bangon mafitsara su zama miki wanda ba ya warkewa. Mikin nan ne, bayan shekara ashirin ko talatin, kan rikiɗe ya zama daji ga wasu mutane. Shi ya sa a nan ake ganin cutar ga ɗan shekara 40 ko 50, mai ƙarfin noma, alhali a Turai ta fi kama waɗanda suka haura 65.

Likita Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira cikin 1851, kuma a 1911 wani likita mai suna Ferguson, a can Masar ɗin, ya nuna dangantakarta da dajin mafitsara. A 1994 cibiyar nan ta Liyon ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tsargiya a duniya. Madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori, waɗanda aka gina cikin shekarun 1970, sun kawo albarkar noman rani wadda ba mai musunta ta, amma ruwan da ke kwance a magudanan ban-ruwa gida ne ga dodon koɗi. Yaran da suka yi iyo a magudanan nan a wancan zamani su ne dattawan yau. Masar kuwa ta nuna cewa abin na da magani. Da ta dage wajen yaƙar tsargiya, sai nau'in dajin da tsutsar ke jawowa, wanda a shekarun 1970 ya kai wajen uku cikin huɗu na masu dajin mafitsara a babbar cibiyarsu ta Alƙahira, ya sauko zuwa wajen ɗaya cikin uku bayan shekarar 2000. Ƙwayar Praziquantel, wadda ake raba wa 'yan makaranta kyauta, tana kashe tsutsar. Amma fa a lura, ba ta warkar da daji in ya riga ya kafu.

Saboda haka duk baligin da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne, ko da babu zafi, asibiti ya kamace shi. Mata su ne aka fi yi wa sakaci a nan, domin akan ce ai haila ce, ko ciwon sanyi, a yi ta ɗura musu magani wata da watanni. Likitan mafitsara zai sa a gwada fitsari, a yi hoton ciki, sa'an nan ya zura wani siririn madubi ta hanyar fitsari ya duba da idonsa. In ƙarin bai wuce fatar ciki ba, ana iya kankare shi ta wannan hanya ba tare da an tsaga ciki ba, wani lokaci a bi da ɗura magani cikin mafitsara. Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunan shi ne BCG, watau rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, wanda likita Alvaro Morales na Kanada ya nuna amfaninsa ga wannan cuta a 1976. Akan ɗura shi sau ɗaya a mako har mako shida. In kuwa ciwon ya shiga naman bango, kamar yadda na tsargiya ya fi yi, galibi sai an cire mafitsarar ɗungum. Ana duba masu irin wannan larura a asibitocin koyarwa na Sakkwato, da Kano, da Shika ta Zariya, da Maiduguri, da Ibadan, da Legas, akwai kuma asibitin mafitsara na Abubakar Imam a birnin Kano.

A nan ne aikin likita kan kai iyakarsa, bukatar abokin shawara ta taso. Ranar da aka ce wa magidanci za a cire masa mafitsara, a yanko guntun hanji a haɗa da hanyoyin ƙoda, a fito da bakinsa ta gefen cibiya, fitsari ya riƙa zuba cikin 'yar jakar roba da aka liƙa a fata har ƙarshen ransa, da yawa sukan ce a ba su lokaci su yi shawara da gida. Daga nan ba a sake ganinsu, sai ranar da aka kawo su ranga-ranga. Likita na da layin marasa lafiya a ƙofa, ba zai iya ba mutum ɗaya awa guda ba, kuma ko ya ba shi, shi bai taɓa kwana da jakar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka yi wa aikin shekara uku da suka wuce, ya shigo da babbar rigarsa da hularsa, ya ce jiya ya dawo daga cin kasuwa, ganinsa kaɗai ya fi dogon bayani.

Shi ne zai faɗi ƙananan abubuwan da ke hana mutum barci. Zai ce a zubar da fitsarin tun jakar ba ta wuce rabi ba, don nauyinta kada ya ɓamɓare ta. Zai ce a sauya ta da asuba kafin a sha ruwa, sa'ad da fitsari bai da yawa, a kuma bar fata ta bushe sarai kafin a liƙa sabuwa, musamman da bazara lokacin da gumi ke sa danƙon ya saki. Zai kwantar da hankalin wanda ya ga wani abu kamar majina a cikin jakar, ya gaya masa ai guntun hanjin ne ke fitar da ita, haka yake ga kowa. Zai kuma gargaɗe shi cewa zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya ɗauke, ba abin da ake kwana da shi a gida ba ne. Akwai ma wata hanyar da likitoci kan bi ga wasu, watau a karkata fitsari zuwa babban hanji ya riƙa fita ta dubura, babu jaka, ita ma da nata sharuɗɗa, kuma wanda ya ɗanɗana ya fi kowa iya bayyana yadda zama da ita yake.

Sai babbar tambaya, wadda da yawa ke jin nauyin yi wa likita: yaya salla? Mutumin da ya yi shekara arba'in bai rasa sahun farko ba, ya ga fitsari na zuba a jikinsa dare da rana, yakan yanke wa kansa hukuncin cewa shi da masallaci sai dai hange. Alhali malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan mai yoyon fitsari. A mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a kowane zaure, ta nuna an so mai wannan larura ya sake alwala a kowace salla. Ƙungiyar marasa lafiya na iya gayyato malami ya zauna da su tare da ma'aikacin jinya, a warware maganar jam'i, da limanci, da azumi, wanda shi kuma sai an ji ta bakin likita domin mai jaka na bukatar shan ruwa da yawa. Haka nan maganar iyali. Aikin kan taɓa ƙarfin namiji, ga mace kuma sau da yawa akan haɗa da mahaifa. Gara ma'aurata su ji wannan tun kafin a shiga tiyata, daga bakin waɗanda aurensu ya tsallake wannan siraɗi, da su gano shi cikin ɗaki su kaɗai, kowa na zargin ɗan uwansa.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Gaskiya ne a Amurka wata mata mai suna Diane Quale da mijinta John, wanda ke fama da cutar, sun kafa ƙungiya ta musamman a 2005, kuma a ƙasashe da dama an keɓe watan Mayu don wayar da kai game da ita. Amma a gida ma an ga irinsa. A asibitin Babbar Ruga ta Katsina, inda likita Kees Waaldijk ya soma ɗinke mata masu yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980, matan da suka warke su ne kan koma ƙauye su riƙo hannun 'yan uwansu su kawo. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki su ma, duk da tsangwamar da suka sha, sun kafa ƙungiyoyi a asibitoci suna riƙe juna kan shan magani. In waɗannan sun iya, mene ne zai hana masu dajin mafitsara?

Abin ba ya bukatar ofis ko mota. Ranar da likitan mafitsara ke ganin marasa lafiya, mutane sun riga sun taru tun da sassafe suna jiran kati. Benci biyu a ƙarƙashin inuwa, da ma'aikaciyar jinya guda, da tsofaffin marasa lafiya biyu ko uku waɗanda suka yarda a san su, sun isa. Maza su zauna daban, mata daban, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a nan. A riƙe lambar wayar juna, domin ciwon nan yana da halin komowa, kuma wanda aka kankare wa ƙari sai ya riƙa zuwa ana duba shi da madubi, da farko duk wata uku. Wanda bai zo ranarsa ba a neme shi a ji ko lafiya. Ga Hausawa mazauna Kudu bukatar ta ninka, domin ga ciwo ga rashin harshe. Ɗan kasuwar da ke Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba inda asibitin koyarwa na Legas yake, in an yi masa bayani da Turanci ko Yarbanci yakan gyaɗa kai ne kawai don kunya. Sarakunan Hausawa na zango suna iya keɓe mutum mai riƙon amana ya riƙa raka irin waɗannan yana yi musu tafinta.

Sai dai akwai hattara guda. Abokin shawara ba likita ba ne, bai kamata ya ce wa kowa ya bar magani ko ya sauya shi ba, don kuwa ciwon wani ba irin na wani ba ne ko da sunansu ɗaya. Kuma duk inda marasa lafiya suka taru, masu jarkokin jiƙo kan biyo sawu da rantsuwar cewa nasu na narkar da daji cikin kwana bakwai. Irin waɗannan a tsai da su tun daga ƙofa.

Maganar kuɗi ita ce ta rage, kuma ita ce mai ɗaci. Jakar nan daga ƙasashen waje ake shigo da ita, ana sauya ta duk bayan 'yan kwanaki, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba. Mutum goma in suka haɗa kuɗi suka saya a sari, sun fi mai saye ɗai-ɗai samun sauƙi, kuma wanda tasa ta ƙare yana da inda zai ara. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021 ya fara ne da dajin mama, da na bakin mahaifa, da na maza wanda likitoci ke kira furosteti, dajin mafitsara bai shiga wannan jerin farko ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Manomi ɗaya daga Talatar Mafara ba zai iya zuwa Abuja ya tambayi ina rabonsa a ciki ba, amma ƙungiya mai rajista, da sunayen mambobinta da takardun asibitinsu a hannu, tana iya rubuta wa Ma'aikatar Lafiya da 'yan majalisar mazaɓunsu ta nemi a sa cutar cikin asusun, a kuma ɗauke kuɗin fito daga kan jakar fitsari.