Filin Wasanni: A Bakin Rami Ake Cin Golf

Jama'a, yau kuma ga mu tafe da shawara ga masu koyon wasan golf, musamman samarin Gombe da ke zuwa filin Ashaka.

Yawancin sababbin hannu suna ɓata lokacinsu wajen koyon bugun nesa, don a ce suna da ƙarfi. To amma a duba lissafi. Cikakken fili ramuka 18 gare shi, kuma bugu 72 aka saba ƙayyade wa gwani. Daga ciki, kowane rami an ware masa bugu biyu na gangara ƙwallo a bakinsa, watau 36. Ashe rabin wasan a nan yake.

Saboda haka wanda ke son ci gaba sai ya ba wannan rabin haƙƙinsa. Ya ajiye ƙwallo taku uku daga rami, ya buga sau goma a jere, kullum. Kada ya ɗaga kai sai ƙwallo ta bar sanda, gama ɗokin ganin inda ta nufa shi ke karkatar da hannu. Riƙon sanda kuma a sassauta shi.

Da hunturu ƙasarmu takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gudu bayan ta sauka. Sai a sauke ta kafin rami, a bar ta ta ƙarasa da kanta. In iska na busowa ta gaba, a yi bugu ƙasa-ƙasa.

Sannu ba ta hana zuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.