Ɗan Aiken Da Ke Cikin Aljihunmu, Wa Ya Ke Kai Wa Rahoto?

Jama'a, talakawan Samaru da Sabon Gari, 'yan tebur da masu rumfa, 'yan tireda da masu awo, mata masu adashi da samari masu POS, ku kasa kunne. Kowace wayar zamani da a ke sayarwa a shagunan PZ tana zuwa da wata 'yar manhaja a cikinta. Aikin wannan manhaja shi ne ta tashi da kanta, ko mai waya yana barci, ta tuntuɓi rumbun kamfani a can ƙetare, ta tambaya ko akwai sabon gyara na tsaro, in akwai ta sauko da shi. Wannan shi a ke kira sabuntawa. Watau dai kowannenmu yana da ɗan aike a aljihu, mai fita ba sallama, ya komo ba labari.

Tun da fari bari mu toshe bakin masu juya magana. Mu ba mu ƙi gyara ba, ko kusa. A cikin watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, alhali kuwa kamfanin Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda suka karɓi gyara suka tsira, waɗanda suka yi sakaci suka sha kashi. Saboda haka duk wanda ya ce muku ku kashe sabuntawa, daidai ya ke da wanda ya ce ku cire ƙyauren rumfa don sakata tana ƙara. Uwar kuɗin ɗan kasuwa yau a cikin waya ta ke, ɓarayi kuwa ba su barci.

Abin da mu ke tambaya shi ne, sa'ad da ɗan aiken nan zai tafi, me ya ke ɗauka daga gidanmu? Domin a san gyaran da ya dace da waya, abin da a ke bukata kaɗan ne: wace irin waya ce, wane zubi na manhaja ne a kanta. To, amma a shekarar 2021 wani shaihin malami a Kwalejin Trinity ta Dublin, Douglas Leith, ya auna wayoyin Android da iPhone, ya tarar ko an ajiye waya ba a taɓa ta ba, kusan kowane minti huɗu da rabi sai ta yi magana da Google ko Apple, cikin abin da a ke aikawa kuwa har da lambar jikin waya da lambar sim. Haba jama'a! Mai gyaran kwano ya zo duba yoyo, me ya kai shi ƙirga tukwanen uwargida?

Kada wani ya ce zato mu ke yi. A cikin Nuwamba 2016 wani kamfanin bincike na Amurka, Kryptowire, ya buɗe cikin wayoyin BLU masu araha, ya tarar manhajar sabuntawa ta kamfanin Adups na birnin Shanghai tana kwashe saƙonnin mutane cif-cif, da sunayen da ke cikin waya, da jerin waɗanda aka kira, tana aika da su ƙasar Sin kowane kwana uku. Wayoyi wajen 120,000 abin ya shafa a can, Adups kuwa da bakinsa ya ke alfahari manhajarsa tana kan na'urori miliyan 700. Ashe mai gadi ne ɓarawon. Hukumar ciniki ta Amurka ta bi sawu, a 2018 ta ɗaure BLU da sharuɗɗa. Can an sami mai bincike, an sami hukuma. Nan fa, wa ya taɓa buɗe cikin wayoyin da a ke jibge mana a kwali ya karanta mana abin da ya gani?

Ga wani ma kusa da gida. A cikin Agusta 2020 kamfanin Upstream ya ba da sanarwa ya sami muguwar manhaja a kan wayoyin Tecno W2 guda 53,000 da aka sayar a Habasha da Kamaru da Masar da Gana da Afirka ta Kudu. Tun a kwali ta zo, tana cinye wa mai waya data, tana neman sa shi rajistar abin da bai nema ba. Kamfanin ya ce wani ne cikin masu kawo masa kaya ya cusa ta, ya kuma ce ya aika da gyara ta hanyar sabuntawa. Kun ga abin da mu ke faɗi ke nan. Ƙofar da magani ke shigowa, ita ce asiri ke fita, don haka tilas a sa mata mai tsaro wanda talaka ya yarda da shi.

Sa'an nan ga hannun Gwamnati. A cikin Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Mun sha rana a layi, mun ba da yatsu goma, mun ba da fuska. A cikin Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 kira don ba su haɗa ba. Ma'anar wannan ita ce lambar sim yanzu suna ce, fuska ce, adireshi ce. Duk wanda ya sami lambar da waya ta aika, in ya sami hanyar leƙa rajista, ya gama sanin mutum. Rajistar kuwa yaya ta ke? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi bayanan NIN na mutane a wani shafin intanet a kan naira 100 kacal. Hukumar katin ɗan ƙasa ta musanta an fasa rumbunta. To, mun ji, amma naira 100 ko ƙullin gishiri ba ta saye sosai a kasuwar Samaru, ga shi ta sayi asirin ɗan Adam.

Akwai masu cewa wai wanda ba shi da laifi ba ya tsoron a leƙa shi. Wannan maganar mai ƙoshi ce. Wane ɗan kasuwa ne a Sabon Gari zai manna littafin bashinsa a ƙofar rumfa? Wace uwar adashi ce za ta yi shelar wanda ya kasa zubi? Wane dillalin masara ne zai gaya wa maƙwabcinsa farashin da ya saro a Giwa? Ba laifi suka yi ba, sirri ne, sirri kuwa shi ne rabin jari. Mun ga abin da ya faru da sunayen cikin waya suka faɗa hannun kamfanonin bashi na intanet: mutum ya ci bashin 'yan dubbai, sai a aika wa surukinsa da limaminsa saƙo cewa ɓarawo ne. A cikin Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan. Miliyan 10 ta fita aljihun kamfani, mutuncin da ya zube kuwa wa zai kwashe shi?

Mu 'yan hamayya mun fi kowa sanin ciwon abin. Zamanin En'e, bayan an kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba wani makami da ya fi jerin sunaye. In munafuki ya kai sunanka, sai ka ga dogari, sai gaban alƙali, sai gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba, da ta shugabanci matan NEPU a nan Sabon Gari, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A wancan lokaci sai an biya ɗan leƙen asiri ya laɓe bayan danga. Yau kuwa mu ke sayen ɗan leƙen asirin da kuɗinmu, mu yi masa caji, mu ciyar da shi data, datar da aka yarda a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025.

Doka tana bayanmu, sai dai a takarda. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta ce kada a karɓi bayanin mutum fiye da bukata, a gaya masa dalili, shiru kuma ba yarda ba ne. Madalla. Amma doguwar yarjejeniyar Turanci da yaron shago ke danna wa yarda kafin ya miƙa wa tsohuwa wayarta, wannan ita ce yardar? Dokar da talaka bai san ƙofarta ba, rijiya ce ba guga.

Ga abin da mu ke nema, ba roƙo mu ke yi ba. Na ɗaya, kowace waya ta faɗa wa mai ita da Hausa abin da ta ke aikawa, da wanda ta ke aika wa. Na biyu, a raba gyaran tsaro da tattara bayani, mutum ya karɓi gyara ba tare da ya ba da asirinsa ba. Na uku, hukumar NCC, tun da ita ke ba da izinin shigo da waya, ta riƙa binciken manhajar ciki, ta buga sakamako kowa ya gani. Na huɗu, a daina cire wa talaka data kan gyaran tsaro, gama kuskuren kamfani a ke gyarawa. Na biyar, Hukumar Kare Bayanai ta buɗe wurin kai ƙara a Zariya inda za a saurari mutum da harshensa. Na shida, malaman kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello, da ke zaune tsakiyarmu tun 1962, su tsallako titi su auna wayoyin da a ke sayarwa a kasuwanninmu, su gaya mana gaskiya.

Kafin nan, 'yan'uwa, ku riƙa karɓar gyara daga cikin saitin waya kaɗai. Kada ku danna saƙon da ya zo ta WhatsApp wai na sabuntawa ne. Duk manhajar da ta nemi sunayen cikin waya ko saƙonni ba dalili, ku hana ta. Shugabannin rassa su kawo maganar nan a taron mako, sarakunan kasuwa su kawo ta a zaman ƙungiya, duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a kuwa a tambaye shi matsayinsa a gaban jama'a. Allah ya rufa asirin talaka, amin.