Mai Latsa Waya Ba Magini Ba Ne

Jama'a, wata magana ta yi yawa a bakin mutane, wai yaro in ya iya latsa waya ya gama sanin kwamfuta. Wannan ruɗi ne. Wanda ya iya hawan doki ba shi ya san ɗinkin sirdi ba.

Ku tuna farkon 2023, da aka sake takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya. Kowa ya koma aika kuɗi ta waya, kaya ya yi wa na'urorin bankuna nauyi, kuɗin talaka suka riƙa maƙalewa a hanya. Masu latsawa ga su birjik, amma wa ya san inda ciwon yake?

Tushen ilmin nan uku ne. Na fari, kwamfuta guda ba ta ɗaukar jama'ar ƙasa, sai a raba aikin ga masu yawa. Na biyu, kowane lissafi a ajiye shi wuri biyu ko uku, in ɗaya ta mutu saura su ci gaba. Na uku, saƙo yakan makara ko ya ɓace, tilas na'urorin su daidaita bisa magana ɗaya, kada a cire kuɗin mutum sau biyu.

Raba nauyi kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1812, da ƙasa ta yi faɗi, Shehu Usmanu ya ba Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahin Gwandu yamma.

To, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana Kalgo. Ku da kuka yaƙi jahilci da girmanku, ku tsare 'ya'yanku bisa lissafi tun suna ƙanana, su shiga can su koyi ginin tun daga tushe.