Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada a Goge Tsohon Kenel

Kenel shi ne zuciyar tsarin Linux. Shi ke shiga tsakanin manhajoji da sassan na'ura, ya raba ƙwaƙwalwa, ya yi magana da faifan ajiya. Tun da Linus Torvalds ya fitar da shi a 1991, masu sha'awa ke harhaɗa nasu suna zubar da abin da ba sa bukata, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Idan aka manta da direban faifai, ko aka kasa gina initramfs, wato ƙaramin ƙunshin da ke ɗauke da direbobin farko, sai kenel ya tashi ya rasa inda fayilolinsa suke, ya tsaya cik.

Ga wanda ya bar tsohon kenel a wurinsa, gyaran bai wuce minti biyu ba: ya danne Shift ko Esc lokacin kunnawa, jerin GRUB ya bayyana, ya zaɓi wanda ya yi aiki jiya. Saboda haka ne Fedora ke ajiye guda uku. Wanda ya goge kuwa sai ya nemo filasha mai ɗauke da Linux, ya shiga faifan da chroot, ya sake dasa kenel, ya sabunta GRUB.

Masu gogewa na da hujja: ɓangaren /boot ƙarami ne, kuma tsohon kenel kan ɗauki ɓarakar tsaro da aka toshe a sabo. Gaskiya ne, amma wannan dalili ne na rage yawansu, a bar guda ɗaya da aka tabbatar da lafiyarsa. Haka kuma umarnin grub-reboot na ba da damar gwada sabon sau ɗaya tak. Idan ya gaza, kunnawa ta gaba za ta koma kan tsohon. Mai kula da sabar da ke wata ƙasa ya fi kowa sanin darajar hakan.

Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar CrowdStrike mai lahani, wadda ta shafi direban da ke aiki a cikin kenel na Windows, ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama sun kasa tashi, ma'aikata kuma suka bi kwamfutoci da yawa ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil guda da hannu, domin na'urorin ba su da hanyar komawa baya da kansu.

Don haka ya kamata duk ma'aikatar da ke da sabobi ta mayar da wannan doka: ba a taɓa kenel sai an gwada hanyar dawowa tukuna.