Kada Talauci Ya Raba Mu Da Kundayen Kakanninmu

Wani ciniki da ake yi a ɓoye a zangunanmu na Gambaga da Salaga da Yendi da Bawku ya kai matsayin da ya kamata a fito da shi fili a yi magana a kansa, wato sayar da tsofaffin littattafan rubutun hannu da kundayen da malamai suka bar wa 'ya'yansu. Ba a kasuwa ake yin wannan ciniki ba, kuma babu mai shela. Dillali ne zai shigo zaure bayan sallar isha'i, a fito masa da adaka ko gafaka, ya juya 'yan warƙoƙi da tocila, ya yi tayi, a sallama. Kafin gari ya waye abin da aka yi shekara ɗari da hamsin ana ajiya ya kama hanyar Tamale, daga can sai Kumasi ko Ankara, inda masu sayar wa baƙi kayan tarihi suke da rumfuna.

Tun da farko muna so a fahimce mu, ba mu ɗauki alƙalami don mu zagi wanda ya sayar ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan ya san irin wahalar da talaka ya sha. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, sidi ya faɗi warwas, har gwamnati ta je ta karɓo rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a watan Mayu na 2023. A daminar 2024 kuma ruwa ya ɗauke a arewa ana tsakiyar noma, masara ta bushe a tsaye, abin da ya sa mahukunta suka hana fitar da hatsi waje a watan Agusta na shekarar. Gaskiya ne a 2025 hauhawar ta sauko ƙasa da kashi 10, amma saukar hauhawa ba ta mayar wa kowa akuyar da ya sayar ba. Magidancin da ya riga ya rabu da awaki da keke da filin da ya gada, ga mara lafiya kwance, ga katin inshorar lafiya ya mutu, idan ya waiwaya ɗaki bai ga komai ba sai adakar mahaifinsa, wa zai ce masa ya yi laifi? Ko a fiƙihun Malikiyya da malamanmu suke karantarwa, wanda bashi ya ci dukiyarsa ana sayar da kayansa a biya masu binsa, har da littattafai. Shari'a ta san matsi.

Amma sanin uzurin mai sayarwa ba zai hana mu faɗin cewa cinikin asara ne ba, ga shi kansa da kuma ga al'umma baki ɗaya.

Da yawa daga cikin magada ba su san abin da ke cikin adakar ba. Sun yi boko, ko sun yi Islamiyya ta zamani wadda ake karatu da bugun Misira da Beirut, saboda haka rubutun Magaribi da ajami sun zame musu kamar zanen tururuwa. A ganinsu duk "littattafan Malam" ne, kuma tunda Risala da Ishiriniya suna nan a kasuwa bugaggu, me za a yi da tsohuwar takarda da gara ta fara ci? Ga inda kuskuren yake. Darajar irin wannan littafi ba a matanin kaɗai take ba. Tana ƙarshen littafin, inda mai kwafi ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da garin da ya zauna da ranar da ya gama. Tana gefen shafi, inda almajiri ya fassara kalmar Larabci da Hausa ko Dagbanci ko Gwanjanci. Tana cikin 'yan takardun da aka cusa a tsakiya: wasiƙar madugu daga Kano, lissafin bashin goro, jerin limaman gari, salsalar malaman da aka karɓi Muwaɗɗa daga hannunsu. Ita kanta takardar shaida ce, domin idan aka ɗaga ta a rana aka ga tambarin jinjirin wata uku, an san daga masana'antun Italiya ta fito, ta ratso Sahara ko ta biyo teku kafin ta iso hannun mai ita.

Mu ɗauki misali daga gida. Na Atabiya, sarkin Mamprusi wanda aka ce shi ya mayar da fada daga Gambaga zuwa Nalerigu, kuma a zamaninsa Musulunci ya samu gindin zama a fadar, masana tarihi sun san ya rasu ne a wajen 1741 zuwa 1742. Ina suka samo wannan? Daga Kitab Ganja, tarihin da malaman ƙasar Gwanja suka rubuta da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18, wanda iyalai suka riƙa kwafa suna ajiyewa. Da wani daga cikin magadan ya ga dama ya sayar wa mai ƙosai ta naɗe kaya da shi, da yau sai dai a riƙa cewa "a zamanin da". Makaɗan fada suna riƙe da sunayen sarakuna, Allah ya saka musu, amma ganga ba ta faɗin shekara.

Haka kuma Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano a wajen 1858, ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watse garin, ya koma Kete Karachi ya zama limami har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya yi limanci a cikinsa yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Masallacinsa da zaurensa sun tafi. Abin da ya rage mana nasa shi ne takarda: waƙoƙinsa na Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da bayanin rayuwar ƙasar Hausa da ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich, da kwafe-kwafen da almajiransa suka watsu da su zango-zango. Wani abin dubawa ma, cikin waƙoƙinsa na Hausa akwai wadda ya yi a kan talauci da wadata. Malamin da ya zauna ya siffanta yadda talauci ke wulaƙanta mutum, yau talaucin ne yake fitar da rubutunsa daga gidajen jikokin almajiransa.

Wani zai ce, to ai idan littafin ya je Turai ko Amurka an fi kula da shi, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga masana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba mu musa ba. Littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sama da 3,000 ne, suna jami'ar Northwestern a Amurka a tsare, an yi musu jeri, mai bincike yana iya zuwa ya duba. Amma wannan an ɗauke shi ne dunƙule, aka san na wane ne. Dillalin da ke shiga zaurukanmu ba haka yake yi ba. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, don haka abu ne mai sauƙi a zare shafukan da ke da zayyana da hatimi a sayar wa baƙo ɗaya-ɗaya ya sa a gilashi ya rataye a falo, sauran kuma a watsar. Littafin da aka yi wa haka ya mutu, ko da kowace warƙa tana nan a duniya. Kuma wanda ya sayar ba zai taɓa jin nawa aka sake sayarwa ba.

Sannan a tuna yadda dawo da kaya yake da wuya. Kayan zinariyar Asante da sojojin Ingila suka kwasa daga Kumasi tun 1874, sai a 2024 guda 32 suka dawo fadar Manhyia daga gidajen tarihi biyu na Landan, kuma a matsayin aro na 'yan shekaru. Wannan fa kayan da aka ƙwata ne da bindiga, kuma Asantehene ne da kansa ya nema. To ina ga abin da ɗan malami ya miƙa da hannunsa ya karɓi kuɗi, babu ko takardar shaida?

Ba mu manta ba cewa ajiyewa a gida ma tana da nata haɗarin. Gara da ɗigon rufi sun ci littattafai fiye da yadda dillalai suka saya. Wuta ma ta ci nata: yaƙin 1994 da ya shafi yankunan Yendi da Salaga da Bimbila ya ƙone ƙauyuka masu yawa, rikicin Yendi na watan Maris 2002 ya taɓa fadar Gbewaa kanta, a Bawku kuwa tun da rikicin sarauta ya sake tashi a ƙarshen 2021 mutane da dama sun bar gidajensu. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar adaka. Akwai kuma rabon gado, wanda a ganinmu shi ne ɓarawon da ba a zargi. Malami ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu, a raba littattafai kamar ana raba buhunan gero, wani lokaci littafi guda a kasa shi biyu don kada a ce an yi son kai. Wanda rabonsa ya faɗa hannunsa alhali ba ya karatu, shi ne farkon wanda dillali zai nema.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne, an taɓa yin sa a ƙasar nan. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, ƙarƙashin Thomas Hodgkin tare da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo, ta bi garuruwan arewa da zanguna tana aron littattafai daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa mai abu abinsa. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce na Larabci da Hausa, kuma daga cikinsu ne aka buga tarihin Gwanja a 1986. Sirrin nasarar shi ne amana: malamai sun ba da aro ne saboda sun san Alhaji Boyo, kuma sun ga littafin yana dawowa. A wancan lokaci sai an kai takarda har Legon. Yau wayar da ke aljihun kowane saurayi tana iya ɗaukar littafi mai warƙa 200 tsakanin azahar da la'asar. Akwai ma shirin Laburaren Birtaniya na ceton takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, da sharaɗin cewa asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, kuma ofishin adana takardun gwamnati na Tamale ya amfana da shi. Idan an yi wa fayilolin Turawan mulki wannan gata, kundayen limaman Gambaga, garin da ya riƙe hedikwatar Turawan a arewa kafin a mayar da ita Tamale a 1907, su ma sun cancanta.

Sai dai hoto ba ya biyan kuɗin asibiti, kuma a nan ne muke ganin masu ba da shawarar "a adana kayan tarihi" suke kauce wa maganar. Mutumin da yunwa ta kai shi ga sayarwa ba wa'azi yake bukata ba, mai saye na gari yake bukata. Saboda haka muna kira ga iyayenmu sarakunan zango da limamai da attajiranmu na Kumasi da Ankara da ke da tushe a waɗannan garuruwa, su kafa ɗan asusu a kowane babban masallacin Juma'a, wanda duk mai niyyar sayar da littafin gado zai fara zuwa wurinsa cikin sirri, ba tare da an tona masa asiri ba. A ba shi zaɓi biyu: ko ya ajiye littafin jingina a ba shi rance marar ruwa ya fanshi abinsa idan ya samu, ko kuma asusun ya saya a mayar da shi waƙafi da sunan mahaifinsa a rubuce a jiki. Attajirin da ke iya biya wa mutum biyar kujerar Makka ba zai gagara wannan ba. Majalisa ta amince da dokar Asusun Raya Zanguna tun 2017, kuma raya al'adu yana cikin abin da aka ce an kafa shi dominsa. Filin ƙwallo da fitilun titi suna da amfani, amma kabad ɗin ƙarfe guda huɗu da na'urar ɗaukar hoto ba za su kai kuɗin fili ɗaya ba.

Malamanmu kuma muna roƙonsu da girmamawa su riƙa yin wasiyya tun suna da rai, su mayar da littattafansu waƙafi a kan zuriya don kada a kasa su ranar rabon gado. Mun san akwai kundayen asirai da ba a so kowa ya gani, wannan haƙƙin mai shi ne, babu wanda ya ce a buɗe. A ware su gefe, a bar tarihi da wasiƙu da waƙoƙi a ɗauka. Su kuma tunatar da jama'a a huɗuba hukuncin da Malikiyya suka yi na hana sayar da Alƙur'ani ga wanda ba Musulmi ba, domin Alƙur'anan hannu masu zayyana su ne dillalai suka fi nema.

Ita kuwa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, dokar 1969 ta ba ta ikon hana fitar da kayan tarihi sai da izininta. Muna so jami'an kwastan na Paga da Kulungugu da filin jirgin saman Ankara su san cewa tsohuwar takarda mai rubutun Larabci tana cikin abin da dokar ta shafa, kamar yadda gunki da tukunya suke. Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, wadda aka kafa tun 1992 domin arewa, ita ya kamata ta ɗauki nauyin horar da matasa biyu-biyu daga Gambaga da Salaga da Yendi da Bawku, waɗanda suka iya karanta rubutun Magaribi, su fara da rubuta sunayen gidajen da ke da adaka kafin damina mai zuwa ta sauka.