WANDA YA CI GIDA, ME ZA MU YI DA SHI?

Kowace shekara wannan mujalla takan buga sunayen waɗanda suka ci ƙwallo a gasar gidaje, kuma ya dace a yaba musu. Amma mu a bana yaron da ƙwallo ta zame wa a hannu, ko ta bugi ƙafarsa ta faɗa ragar gidansu, shi muke so mu yi magana a kansa. Muna ganin abin da ake yi wa irin wannan yaro bayan an tashi wasa bai dace da makarantar da ke ɗauke da sunan Almasihu ba. A yi masa ihu tun daga fili har ɗakin cin abinci, a laƙa masa sunan ba'a, sunan ya bi shi har ya gama aji shida.

Bari mu fara da wasan da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, wato hoki na ƙanƙara, wanda mutanen Kanada suke ƙauna kamar yadda muke ƙaunar ƙwallon ƙafa. 'Yan wasa shida shida ne, suna zamiya a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Ran 30 ga Afrilu, 1986, ƙungiyar Edmonton Oilers, wadda ta ɗauki Kofin Stanley a 1984 da 1985, ta kara da maƙwabciyarta Calgary Flames a wasa na bakwai, wanda duk aka ci ya fita. Ana biyu da biyu a zagaye na uku, sai wani sabon ɗan baya mai suna Steve Smith ya so ya miƙa faifan daga bayan ragarsu. Faifan ya bugi ƙafar golansu, Grant Fuhr, ya koma cikin raga. Aka tashi uku da biyu. Ranar ce kuwa yaron ya cika shekara 23 da haihuwa. Ya faɗi a kan ƙanƙara, daga baya aka gan shi yana kuka.

Ƙungiyar ba ta sallame shi ba. Shekara ta zagayo, ran 31 ga Mayu, 1987, Oilers suka doke Philadelphia suka sake ɗaukar kofin. Da aka miƙa wa kyaftin ɗinsu Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba a wannan wasa, mutumin farko da ya danƙa wa kofin shi ne Smith. Smith ya sake cin kofin tare da su a 1988 da 1990. Af, wani abin sha'awa kuma: a dokar wannan wasa ba a rubuta wa mutum cewa ya ci gida. Ɗan wasan abokan gaba da ya taɓa faifan a ƙarshe ake rubuta wa ƙwallon.

To, ga ɗaya gefen. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Kolombiya ta je da babban suna, don ta lallasa Ajantina biyar da nema a Buenos Aires a 1993. Ran 22 ga Yuni, ɗan bayanta Andrés Escobar ya miƙa ƙafa ya tare ƙwallon da John Harkes ya kwaso, sai ta shige ragarsu. Amurka ta ci biyu da ɗaya. Ran 2 ga Yuli, kwana goma ke nan, aka harbe shi har lahira a wurin ajiye motoci a birnin Medellín, yana da shekara 27.

Wani zai ce ai mu ba mu kai nan ba. Madalla. Amma mu tuna da Godwin Odiye, wanda ya ci gida da ka a Legas a Nuwamba 1977, Tunisiya ta ci ɗaya da nema, muka rasa zuwa kofin duniya na 1978. Yana cikin tawagar da ta ɗauko wa Nijeriya kofin Afirka na farko a 1980, amma in ka ambaci sunansa a gaban dattawa, ba kofin suke fara tunawa ba. Haka Sani Kaita, ɗan Kano, da aka ba shi jan kati a wasa da Girka a 2010, barazanar kisa aka yi ta aiko masa.

Abin da ke damunmu a matsayinmu na malamai shi ne, lissafin kansa ba daidai ba ne. Kafin ƙwallon Escobar, Romaniya ta riga ta ci Kolombiya uku da ɗaya. Bayan kuskuren Smith, saura kusan minti goma sha biyar, ga Gretzky a fili, amma ba wanda ya rama. A ranar Odiye, 'yan gabanmu sun yi minti casa'in a gida ba su ga raga ba. Laifin mutum goma sha ɗaya ne ake tattarawa a ɗora a kan wanda nasa ya fi fitowa fili, domin laifi tudu ne.

Kuma sau da yawa ƙwallon da muke tsalle a kanta hawayen wani ce. Dukanmu muna alfahari da cin Sifen uku da biyu a Faransa a 1998, da tsawar da Sunday Oliseh ya saki daga nesa. Amma ƙwallon da ta kawo biyu da biyu, Garba Lawal ne ya buga daga gefe, golan Sifen Zubizarreta, wanda ya tsare wa ƙasarsa raga sau 126, ya tura ta ciki da hannunsa.

Ba muna cewa a shafa wa mai kuskure mai a baki ba. Golan da bai iya kama ƙwallon sama ba, malamin wasanni ya tsare shi da yamma ya koya masa, ya yi masa faɗa in ta kama. Gyara daban, wulaƙanci daban. Masu zuwa ajin nazarin Littafi Mai Tsarki sun san labarin Yohanna Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma gida. Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, har suka rabu da Barnaba a kan maganar. Barnaba ya ɗauke shi zuwa Kubrus. Daga baya Bulus ɗin da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, don yana da amfani a hidimarsa.

Don haka muna roƙon malaman gidaje da kyaftin-kyaftin su amince da abu biyu kafin gasar baɗi. Wanda ya ci gida ko ya zubar da fenariti, kyaftin ɗinsa ne zai fara zuwa ya ɗaga shi, kuma ba za a cire sunansa daga wasa na gaba saboda wannan kuskure kaɗai ba. Sunayen ba'a kuwa, muna so firfet-firfet su riƙa kai ƙararsu ofis kamar yadda suke kai ƙarar wanda ya tsallake katanga.